Linki na Huɗu a Rigar Sai-na-gani

A ma'aikatar wutar lantarki babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Sai-na-gani ake ce masa, tun daga mai gadi har shugabar sashe, kuma shi ya ja wa kansa. Ka ce masa an ɗaure waya, ya ce sai na gani. Ka ce masa batir ya cika, ya ce sai na gani. An ce ranar da ungozoma ta fito ta yi masa albishir da 'ya mace, bakinsa ya riga tunaninsa, ya ba ta wannan amsa, kuma har yau matarsa ba ta daina yi masa gori a kai ba.

Aikinsa gwajin rile ne. Wanda bai taɓa shiga tashar rarraba wuta ba zai ɗauka manyan tiransfomomin nan masu gurnani a tsakar fili su ne komai. To, a ɗakin da ke gefe akwai jerin akwatunan ƙarfe masu tsayin mutum, a fuskar kowanne an dasa wata 'yar na'ura da ba ta wuce girman rediyo ba. Ita ce rile, mai gadin layi. Kullum tana sauraron wutar da ke wucewa. In waya ta tsinke ta faɗo ƙasa, ko reshe ya haɗa wayoyi biyu, sai ta aika wa bireka, wato babban makunnin layin, saƙo ya yanke wutar kafin mutum ya ƙifta ido. Matsalar mai gadi irin wannan ita ce tana iya yin shekara biyar ba ta motsa ba, kuma kallon fuska ba ya gaya maka ko a farke take ko ta daɗe da mutuwa. Shi ya sa ake biyan mutum ya riƙa zagayawa tasha-tasha da akwatin gwaji, ya shirga wa rile ƙaryar cewa layi ya lalace, ya ga ko za ta tashi, kuma da wane irin sauri.

Bai shigo aikin ta ƙofar masu digiri ba. Yana ɗan shekara goma sha tara aka ɗauke shi cire ciyawa a tsakanin tsakuwar tasha. Wani tsohon mai gwaji ya gaji da ganin kansa a taga da jin tambayoyinsa marasa ƙarewa, rannan ya ce masa ko dai ya shigo ya riƙe masa waya, ko ya bar masa iska ta shigo. Ya shiga. Daga baya ya yi karatun yamma na shekara uku, ya sami takardarsa, aka ba shi nasa sukundireba da nasa ikon sa hannu. Da wannan aiki ya yi aure, ya gina ɗaki uku da falo, ya aurar da 'yarsa, ya kai ɗansa har ya zama malamin makaranta.

Akwai wani abu a aikin da duk mai gwaji ke tsoro. Kafin ka yi wa rile ƙarya, dole ka raba ta da bireka, in ba haka ba ta gaskata ka ta jefa unguwa guda cikin rashin wuta. A ƙarƙashin wani ɗan murfi akwai ƙananan sandunan tagulla masu tsawon ɗan yatsa, ma'aikata na ce musu linki. Su kake cirewa, in ka gama ka mayar. In ka manta ɗaya ka rufe murfi, babu abin da zai nuna. Rile za ta ci gaba da kunna 'yar koriyar fitilarta kamar lafiya lau, ranar da waya ta faɗo kuma ta yi ta ihu babu mai jin ta.

Sai-na-gani yana da dokarsa. Duk linkin da ya cire, aljihun hagu na rigar aikinsa yake shiga, ya ɓalle maɓalli. Matarsa tela ce, ita ta ƙara wa aljihun zurfi ta sa masa maɓalli mai ƙarfi. Ba ya sa hannu sai ya shafa ƙirji ya ji wayam. Bayan nan ya nemi cibiyar kula da layuka ta ba shi minti biyar, ya sa rile ta buga bireka na gaske, ya ji ƙarar da kunnensa. Masu cibiyar sun tsani muryarsa a waya, don sun san in ya kira sai an kashe wa wasu wuta.

Shekara talatin da ɗaya yana haka, ba a taɓa kama shi da kuskure ko ɗaya ba. Saura mako goma sha ɗaya ya yi ritaya, kuma labari ya zo masa cewa sashe na shirya masa allon yabo mai rubutun zinariya: mai gwajin da bai taɓa kuskure ba. A bainar jama'a yakan taɓe baki ya ce shi allo ba ya gabansa. A gida kuwa tuni ya buga ƙusa a bangon falo, ya auna ta da tef har sau biyu don kada ta karkace. Gaskiyar magana, wannan suna shi ne dukiyarsa. Ba shi da mota, ba shi da gona, amma in ya shiga tasha matasan injiniyoyi miƙewa suke yi.

Ranar wata Alhamis aka tura shi tashar da ke bakin gari, inda aka sa sababbin akwatuna. Layi na shida zai gwada, wanda ya bi ta saman babbar kasuwa ya wuce gidan ruwa. Tsofaffin akwatunan da ya saba da su linki uku ne da su. Hannunsa ya cire uku ya mayar da uku sau dubbai, har ba ya buƙatar ya sa kai. Sabon akwatin nan huɗu ne da shi. Ya cire huɗu yana ta mita a kan ƙanƙantar rubutun da masu ƙera kayan zamani ke yi, ya zuba a aljihu, ya yi gwajinsa, rile ta amsa yadda ake so. Da ya zo mayarwa, sai ga waya daga cibiya. Ya maƙale ta a kafaɗa yana roƙon mintinsa biyar, su kuma suka ce ko daƙiƙa ɗaya ba za su ba shi ba, gidan ruwa ya kwana biyu babu wuta, yanzu ne tankuna ke cika. Ana wannan ja-in-ja hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya rufe murfi, ya shafa ƙirji, ya ji wayam. Ya sa hannu yana ƙunƙuni, ya rubuta a ƙasa cewa buga bireka sai wani jiƙon.

Ranar Asabar da hantsi yana zaune a falo da kofin shayi, matarsa na wanki a tsakar gida. Ya ji ta daina cuɗa kaya. Can sai ga ta a bakin ƙofa, kumfa har gwiwar hannu, ta buɗe masa tafinta.

"Malam, wannan ba naka ba ne?"

Ya kalla. Linki ne, yana ta ƙyalli a cikin kumfa.

"A ina kika same shi?"

"A cikin kalmasar rigarka. Ɗinkin ƙasan aljihun ya ɗan buɗe, ya zurara ciki. Ji na yi wani abu na bugun bahon." Ba ta tambaye shi mene ne ba. Macen da ta yi shekara talatin tana jin labarin linki a kan tabarmar cin abinci ta san shi kamar yadda ta san allurar kekenta. "Na wace tasha ne?"

"Bakin gari. Layin kasuwa. Tun shekaran jiya."

Kwana biyu ke nan wuta na gudu a saman kawunan mutane babu mai gadi. Ya miƙe, shayi ya zube, ya shiga neman makullin babur a inda ba ya taɓa ajiye shi.

"Ka kira su mana," in ji ta. "Ga wayarka nan a kan kujera."

"Tafiyar minti arba'in ce. In na je na mayar, shi ke nan."

"In ka kira fa?"

Su biyun sun san amsar. In ya kira, za a kashe layin nan take, kuma duk layin da aka kashe sai an rubuta dalili a littafin tasha. Kafin Litinin kowa ya ji. Idonsa ya kai kan ƙusar da ke bango, ya yi saurin kawar da kai.

"Kin san wa ke kan aiki a can yau?" ya ce. "Bahago."

Bahago abokin aikinsa ne na da. Shekara tara suna yawo tare, ɗaya na karanta mita ɗaya na rubutawa, har matansu suka zama ƙawaye. Shekara takwas da suka wuce Bahago ya je wani aiki shi kaɗai ya manta linki a waje. Bayan mako biyu layin ya sami matsala, rile ta yi ihunta a banza, tiransfoma guda ta ƙone ƙurmus. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Aka sa Sai-na-gani ya bincika ya rubuta rahoto, ya kuwa rubuta gaskiya. Sai dai bai tsaya a gaskiyar ba, ya ƙara wani layi a ƙarshe da babu wanda ya tambaye shi: wai duk wanda zai iya manta linki bai cancanci ya sake riƙe sukundireba ba. Da wannan layi aka cire Bahago daga gwaji, aka mai da shi mai zaman tasha, yana rubuta lambobin mita duk awa yana amsa waya. Tun daga nan gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma a tsaitsaye.

Matarsa ta goge hannunta da zani, ta dube shi irin duban da take yi wa ɗinkin da ya karkace.

"Da wani ne ya ce maka zai je ya mayar a ɓoye, me za ka ce masa?"

Ya tura babur ya fita. Amma wayar ta cusa masa a aljihu kafin ya kai ƙofa.

Hanyar tashar ta bi ta gefen kasuwar. Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta fara kaɗa rumfuna. Shekara da shekaru yana bin wannan hanya, bai taɓa ɗaga kai ya dubi layin kamar yau ba. Wayoyi uku ne, suna lilo a hankali. A gindin wata falwaya wata mata ta baje robobin ɗiban ruwa tana ciniki, da goyo a bayanta. Gaba kaɗan wasu maza na sauke dogayen rodi daga mota, suna ɗaga su sama kamar ba su san abin da ke bisa kansu ba. Ga wata bishiya da reshenta ke kai wa wayar ƙasa hannu duk sanda iska ta buso. Babu wanda ya ɗaga kai a cikinsu, kuma ba laifinsu ba ne. Ba su san shi ba, ba su taɓa jin sunan rile ba, amma sun bar masa wannan ɓangare na rayuwarsu, shi kuma ya sa hannu.

Ya yi lissafi irin nasu na masu gwaji. Rile na yanke wuta cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ya taɓa mai da wata rile ɗakin gyara don ta makara da rabin daƙiƙa, ya tayar wa kowa hankali a kai. Yau ga shi yana neman ya ara wa kansa minti ashirin da biyar da suka rage, don kawai kada a ji kunyarsa. Kunyar da ta rufe shi a nan ta fi wadda yake gudu. Ya taka birki a gefen titi, ya ciro waya.

"Tashar bakin gari," in ji muryar da ya sani.

"Bahago, ni ne. Ka kashe layi na shida yanzu-yanzu, da hannu. Rilensa ba ta haɗe da bireka."

"Wa ya ce?"

"Linkin yana hannuna. Ni na bar shi a waje ranar Alhamis."

Ya jira wata magana, ko dariya, ko tsaki. Abin da ya ji kawai shi ne, "Riƙe wayar." Ya ji kujera ta ja baya, ya ji Bahago na magana da cibiya a ɗaya wayar can nesa-nesa, sannan takun sawu. Sai kiɗan da ke tashi daga shagon masu sayar da rediyo ya ɗauke ɗif. Injin niƙa ya yi ƙugi ya tsaya. Kasuwa ta ɗauki ihu gaba ɗaya, masu firji da masu walda na ta tsine wa 'yan wuta har da iyayensu. Sai-na-gani ya kifa kai a kan hannun babur. Bai taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Ruwa ya kece masa a hanya, ya isa tashar jiƙe sharkaf. Bahago na tsaye a ƙofar ɗakin, ya yi ƙiba, furfura ta cinye gefen kansa. Ya riga ya cika takardar izinin aiki, ya miƙa masa biro.

"Sa hannu tukuna. Doka ce, kai ka koya mini."

Suka tsaya gaban akwatin layi na shida. Koriyar fitilar na nan tana ci, kamar ba ta san komai ba. Ya kwance murfin. Linki uku a jere, gurbi na huɗu a buɗe, kuma shi ne wanda ke kai saƙo ga bireka. Da ya zo sakawa, sukundireba ya zame sau biyu. Bahago ya kunna tocila ya haska masa wurin, ya tsayar da hasken cak har aka ɗaure. Tun da layin a kashe yake, suka nemi izini suka yi gwajin da aka hana ranar Alhamis, bireka ya buga a waje kamar an rufe ƙofar ƙarfe da ƙarfi. Bayan awa ɗaya da kwata aka mayar wa kasuwa da gidan ruwa wutarsu.

Littafin tasha na buɗe a kan tebur. Bahago ya rubuta lokacin da aka kashe da lokacin da aka kunna, ya bar gurbin dalili babu komai.

"Na gaya wa cibiya iska ce," ya ce, yana kallon taga. "Na ce ina tsoron reshe a layin kasuwa. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, ka ga yadda garin yake. In na rubuta haka, babu mai tambaya. Takardar izinin ma zan iya cewa dubawa ka zo yi."

Sai-na-gani ya dube shi da kyau. Ya shigo da shirin a ci masa fuska, ya ma yarda ya cancanta. Wannan ne bai shirya masa ba.

"Don me za ka yi mini haka?"

"Saura maka mako nawa? Goma?" Bahago ya ɗaga kafaɗa. "Na san abin da ke jiranka in aka ji. Na ɗanɗana. Ba na so wa kowa, har kai."

Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Ya zauna a kan benci, ruwa na ɗiga daga wandonsa. Ga hanya an buɗe masa fetal, kuma kada a yi masa ƙarya, ransa ya so ya bi ta. Ya daɗe yana kallon gurbin nan. Amma akwai sababbin akwatuna irin wannan har goma sha huɗu a tashoshi daban-daban, kuma akwai wasu hannuwan da suka saba da uku kamar nasa. In aka rubuta iska, babu wanda zai je ya buɗe murfinsu. Sannan ga mutumin da ya yanke wa hukunci a kan wannan laifi, yau zai sa sunansa a ƙarƙashin ƙarya don ya rufa masa asiri. Ya jawo littafin.

Ya rubuta da manyan baƙaƙe yadda mai tsufan ido ma zai karanta: an kashe layi na shida saboda mai gwaji ya bar linki na huɗu a waje tun ranar Alhamis. Ya sa hannu, ya sa lambarsa ta aiki. Ya juya littafin ya tura wa Bahago.

Bahago ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce, "Ba ka ƙara layin ƙarshe ba."

"Wane?"

"Ka san wanda nake nufi." Muryarsa ba ta tashi ba. "Wallahi cire ni da aka yi bai dame ni kamar yadda kake zato ba. Na ƙona tiransfoma, dole a yi wani abu. Layin nan naka ne ya zauna mini a wuya. Shekara tara muna cin abinci a kwano ɗaya, ka ce ban cancanci riƙe sukundireba ba. Ko soket ya lalace a gidana, maƙwabci nake kira."

Sai-na-gani ya buɗe baki, duk bayanan da ya tara wa kansa cikin shekara takwas suka gudu suka bar shi.

"Na zalunce ka," ya ce. "A lokacin gani nake ni ba irin masu mantuwa ba ne. Ka yafe mini, ɗan'uwa."

Bahago bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya tashi ya jona butar shayi, ya ciro wani tsohon tawul daga durowa ya jefa masa. "Goge kanka, kada mura ta kama ka matarka ta ce ni ne."

Ranar Litinin shugabar sashe ta kira shi. Injiniya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa da yawa ba, Baba take ce masa, kuma a hannunsa ta fara ganin cikin rile. Wannan bai hana ta yi masa tatas ba. Ta ce kwana biyu, Baba, a saman kasuwa! Ya tsaya da hula a hannu ya shanye. Aka ba shi takardar gargaɗi, ta farko a fayil ɗinsa. Maganar allon yabo ta bi ruwa, ba wanda ya sake tayar da ita. A ɗakin cin abinci wani mai baki ya ce yanzu sai a koma ce masa Sai-na-manta, aka yi dariya ƙasa-ƙasa, kuma ya ji. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya koma gida rannan ya kasa cin abinci, matarsa ta zauna kusa da shi tana farke aljihunan rigunansa ɗaya bayan ɗaya tana sake ɗinke su da zare biyu, tana cewa rabin laifin na telan ne, amma ita ba wanda zai ba ta takarda.

Shugabar ta yanke cewa a sake buɗe duk sababbin akwatunan goma sha huɗu, kuma daga yau babu mai rufe murfi sai mutum na biyu ya ƙirga linki da bakinsa ya sa hannu. Ta ce masa ya zaɓi wanda zai bi shi.

"Bahago nake so," ya ce.

"Baba, mutumin da ke zaman tasha? Na duba fayil ɗinsa. Da rubutunka a ciki."

"Na sani. Ga wani." Ya ajiye mata takarda shafi guda da ya rubuta da safe. A ciki ya ce layin ƙarshe na tsohon rahotonsa kuskure ne, kuma in har za a bi wannan layi, to shi ma yau a karɓe nasa sukundireban. Ya ce a duk ma'aikatar bai san wanda zai fi tsoron gurbin linki kamar mutumin da ya yi shekara takwas yana tuna shi ba.

Ta karanta, ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ba ta yi alkawari ba, sai an sake yi wa Bahago jarrabawa, kuma kayan gwajin yanzu da kwamfuta suke aiki, ba irin na zamaninsu ba. Ya ce yana da mako goma, zai koya masa. Ta ce in ya faɗi fa? Ya ce to ya faɗi da alƙalaminsa, ba da na wani ba.

Takardar izinin Bahago ya bi shi zagayen ta ɗauki kwana tara kafin ta fito daga ofishin sama, kuma a duk kwanakin Bahago bai kira ba. Sai-na-gani ya fara tunanin ko mutumin ba ya so. Wataƙila ya saba da kujerarsa, wataƙila kuma ba ya son ya sake shiga mota ɗaya da shi, kuma in haka ne ba zai ga laifinsa ba.

Ranar da aka sa za a fara zagayen, ya iso ɗakin kayan aiki da sassafe. Ya jawo akwatin gwaji zuwa bakin ƙofa. Akwatin nauyi ne da shi kamar buhun siminti, hannu biyu aka yi masa, ɗaya kowane gefe, kuma ya daɗe yana jan sa shi kaɗai a ƙasa har gindin ya goge. Ya sunkuya zai ja ke nan ya ga inuwar mutum.

Bahago ne, sanye da tsohuwar rigar masu gwaji, irin shuɗiyar da aka daina bayarwa tuntuni. Ta sha guga har tana ɗaukar ido, amma maɓallai uku na ƙasa sun ƙi haɗuwa a kan tumbinsa.

"Kada ka yi dariya," in ji shi. "Maman yara ce ta ɓoye ta a ƙasan akwati. Sau biyu ina cewa ta bayar, ashe ba ta bayar ba."

Sai-na-gani ya yi dariyar duk da haka, har ta kai shi inda ba dariya ba ce, ya juya baya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Da ya ɗago, Bahago ya riga ya kama hannun hagu na akwatin yana jiransa.

"To, ɗauki naka gefen mana," ya ce. "Sababbin akwatuna goma sha huɗu ne, kuma ni zan ƙirga."

Suka ɗaga tare.